Wa ya taɓa hawa Chappal Waddi? Ina neman shawara kafin in yi ganganci

Ɗan Kurna:

Salamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman wanda ya san yankin Gashaka da Mambila a jihar Taraba ya taimaka min da shawara. Ni da abokaina biyu mun fi shekara muna cika baki za mu je mu hau Chappal Waddi, dutsen nan da ke cikin gandun dajin Gashaka-Gumti wanda aka ce duk Najeriya babu inda ya kai shi bisa, mita 2,419. To yanzu dai an ba ni hutun sati biyu a wajen aiki a watan Agusta, su ma sun ce za su samu lokaci, shi ne na ce bari in tambaya tun kafin mu zuba kuɗinmu a mota.

Gaskiya ban taɓa hawa wani dutsen kirki ba in ka cire Dala da Goron Dutse, sai Kufena sau ɗaya lokacin ina makaranta a Zariya, amma ina buga ƙwallo duk Asabar da Lahadi kuma ƙarfi dai Alhamdulillah akwai shi. Abin da nake so in sani shi ne daga Kano ta ina ake bi, kwana nawa abin yake ci, dole ne sai an nemi izini ko mutum zai iya zuwa kawai ya kama hanya, sannan me da me ake ɗauka. Ɗaya abokin nawa ya ce wai akwai namun daji masu cin mutum, ɗayan kuma ya ce ya ga bidiyo a TikTok wata ta hau da silifas saboda haka ba wani abu ba ne, ni kuma na rasa wa zan yarda da shi a cikinsu. Hajiyarmu ko gaya mata ban yi ba tukunna dan na san abin da za ta ce.

Mai Shayin Layi:

Wa alaikumus salam. Malam me ka ajiye a saman dutsen da za ka je ɗaukowa? 😂 An ba ka hutu ka kwanta ka miƙe ƙafa ka ziyarci dangi, a'a, sai ka biya kuɗin mota ka je sayen wahala. Kuma kafin ka gaya wa Hajiya ka fara tambayar ma'anar sunan dutsen da Fulatanci, in ta ji ko ƙofar gida ba za ka fita ba.

Matafiyi daga Gombe:

Wslm ɗan uwa. Na hau shi sau ɗaya, mu biyar, a watan Janairu, saboda haka abin da na gani da idona zan gaya maka.

Maganar farko ka cire Agusta daga lissafi kwata-kwata. Ba dan dutsen ba ma, dan hanyar da za ta kai ka gindinsa. Damina a can ba irin tamu ta Kano ko Gombe ba ce da za a yi ruwa awa biyu rana ta fito, can ruwa yana farawa tun wajen Afrilu ya kai har Oktoba ko Nuwamba, kuma Agusta tsakiyarsa ke nan, ƙasar jar laka ce mai santsi kamar an zuba kuɓewa, ƙananan rafukan da muka tsallake da ƙafa ruwa iya idon sawu su ne suke zama kogi su raba ƙauye da ƙauye. Ko ka yi taurin kai ka isa sama gajimare ne zai rufe ka, ka sha wahalar banza ka dawo ba ka ga komai ba sai fari fat. In za a iya ɗaga maka hutun zuwa Disamba ko Janairu to ka roƙi ogan naka, in ba za a iya ba ka haƙura sai wata shekara, dutsen ba inda za shi.

Hanya kuwa daga Kano sai ka biyo ta Gombe, Kaltungo, Numan, ka faɗa Jalingo, wannan kaɗai yini guda ne cur, ka kwana a nan kar ka ce za ka wuce da dare. Washegari da sassafe ka kama hanyar Bali zuwa Serti. A Serti hedikwatar gandun take kuma nan ne amsar tambayarka ta izini: eh dole ne. Gandun gwamnatin tarayya ne, tun 1991 aka haɗe na Gashaka da na Gumti suka zama ɗaya, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun da ya kai shi girma a ƙasar nan, ba daji ba ne da za ka kutsa kai kamar gonar kawunka. Za ka yi rajista ka biya, a haɗa ka da renja, wato ma'aikacin tsaron gandun, wanda zai raka ku, kuma ka neme su tun kana gida kafin ka taso su gaya maka kuɗin da ake biya yanzu da halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro, kar ka dogara da abin da wani ya biya shekara uku da suka wuce.

Daga Serti mun wuce Mayo Selbe, daga nan mota ta fara hawan Mambila, kwana bayan kwana kamar maciji, kunnenka yana toshewa yana buɗewa, gefe guda dutse gefe guda rami wanda ba ka son kallo, har muka fito Maisamari muka isa Nguroje. A nan kwalta ta ƙare mana muka hau mashin zuwa ƙauyen Njawai. Wallahi duk tafiyar nan babu abin da ya ba ni tsoro kamar mashin ɗin nan, awa da awanni kana manne a bayan yaro da jaka a bayanka, ya hau tudu ya gangara ya shiga ruwa ya fita, akwai inda ya ce in sauka in taka da ƙafa shi kuma ya tura, lokacin da muka isa cinyoyina rawa suke ban ma fara hawan dutsen ba.

Shi hawan kansa ba irin na igiya da rarrafe ba ne, tafiya ce kawai, amma tafiya ce da ba ta ƙarewa. Tuddai ne na ciyawa ɗaya bayan ɗaya, a cikin kwarurruka kuma kurmi mai duhu da ruwa mai sanyi yana gudu. Abin da ke karya zuciya shi ne duk tudun da ka hango ka ce shi ke nan wannan ne na ƙarshe, kana hawa sai ka ga wani ya leƙo daga bayansa ya fi shi, tun ina tambayar renjan namu saura nawa har na daina dan kullum amsarsa ɗaya ce, "mun kusa". Mun kwana biyu a hanya, ɗaya a tafiya ɗaya a dawowa. Ƙwallon da kake bugawa zai taimaka wa numfashinka amma ba iri ɗaya ba ne, minti casa'in a fili da awa bakwai da kaya a baya akwai bambanci, ka fara yin doguwar tafiya da jakar goyo mai nauyi tun wata biyu kafin lokacin, ka je Dala ka hau ka sauka sau goma a jere ko mutane za su ɗauka ka zare.

Kuskuren da na yi wanda har yau in na tuna nake jin haushin kaina, takalmi sabo fil na saya ana jibi za mu tashi, dan a ganina tafiya mai muhimmanci sai sabon takalmi. A hawa bai dame ni sosai ba, a saukowa ne yatsuna suka riƙa dukan gaban takalmin duk taku, dunduniya ta ɗuri ruwa ta fashe, safa ta manne da ciwon sai da na jiƙa ta da ruwa kafin ta fita, farcen babban yatsana biyu suka yi baƙi daga baya suka cire. Ka sa takalmin da ƙafarka ta saba da shi, mai ƙasa mai kama ƙasa, ya ɗan fi ƙafarka girma, ka yanke farce. Mai silifas ɗin TikTok kuwa ko dai 'yar can ce ko kuma a wajen ɗaukar hoto kawai ta saka su.

Namun daji masu cin mutum, ka gaya wa abokinka ya kwantar da hankalinsa, abin da muka fi gani a hanyar sama shanu ne.

Ɗan Kurna:

Kai Yaya na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ka ga har takalmin na riga na sa a raina zan saya sabo a Kwari ranar da za mu tafi. To maganar sanyi fa, da gaske ne ko zuzutawa ce? Dan mu ma nan Kano muna ganin sanyi a Janairu. Sannan in ba mu da tanti ya ake yi?

Baffa na Gembu:

Salamu alaikum. Ɗana, ni a Mambila aka haife ni kuma a nan na tsufa, bari in ƙara a kan abin da ɗan uwanka na Gombe ya faɗa, ya yi bayani mai kyau sai dai akwai inda zan saɓa masa.

Sanyin Kano da kake magana ƙanin sanyi ne. Kano ba ta kai mita 500 daga teku ba, mu nan Mambila muna wajen mita 1,500, kan dutsen kuma ya haura 2,400, kuma duk mita dubu da ka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6, kai ka yi lissafi da kanka. Ga iska, dan babu bishiyar da za ta tare ta a can sama. Da rana za ka yi gumi har ka cire riga, rana tana faɗuwa sai ka nemi duk abin da ka zo da shi ka saka. Ruwan alwalar asuba shi ne zai gaya maka gaskiya. Ka zo da rigar sanyi mai kauri, hular sanyi, safar hannu, da bargo ko jakar barci, tanti kuma ku nema ko aro ne, raɓar can tana jiƙa mutum kamar an yi yayyafi.

Inda na saɓa masa shi ne watan Janairu. Hanya ta bushe gaskiya ne, amma lokacin hazo ya sauka kuma makiyaya sun ƙona ciyawa dan sabuwa ta tsiro, sai ka tarar da tuddai baƙi ƙirin ko ruwan ƙasa, nesa kuma ba ta ganuwa sosai. In ido kake so ya sha kallo ka zo ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba, ruwa ya ɗauke, ƙasa ba ta gama bushewa ba, ko'ina kore shar, sama wankakkiya, ka tsaya a kan dutsen ka hango tuddan Kamaru jere har inda idonka ya ƙare, domin dutsen a kan iyaka yake. Sai dai ka sani ruwa yakan yi bankwana a makare wata shekarar, ka sa rigar ruwa a jaka.

Sunan kuma da mai shayi yake tsokanarka da shi, eh, ana fassara shi da dutsen mutuwa, mutanen wajen kuma sun fi kiransa Gangirwal. Kar sunan ya firgita ka, akwai wani a cikin gandun ana ce masa Chappal Hendu, dutsen iska ke nan, haka Fulani suke sa wa wuri suna da halinsa. Amma kar ka raina shi. Hazon gajimare yana iya rufowa cikin minti kaɗan ka kasa ganin wanda ke gabanka, hanyoyin shanu kuma sun yi yawa duk kamarsu ɗaya, wanda ya bar renja ya yi gaba dan yana jin ƙarfi shi ne yake ɓata.

Abin da ya fi damuna da baƙi shi zan faɗa maka yanzu. Wuraren da za ku bi akwai mutane, akwai rugage da ƙauyuka da aka bar su a cikin gandun suna kiwo da noma. Ba kayan kallo ba ne. In kun isa ku fara zuwa wajen Jauro ko Arɗo ku yi sallama ku faɗi abin da ya kawo ku, kar ka ɗaga waya ka ɗauki matar mutum ko 'yarsa hoto ba ka tambaya ba. Za su ba ku wajen kafa tanti, wataƙila a kawo muku kindirmo da tuwon masara, kuma ba za su ce ku biya ba, to kai ka san abin da ya kamata, ka taho da sukari da ganyen shayi da goro da ɗan abin hasafi. Ka koyi "jam na" da "useko", wato gaisuwa da godiya, Hausa tana yi a kasuwa amma can ciki Fulatanci ne ke aiki. Leda da gwangwani da robar ruwa duk abin da ka shiga da shi ka fito da shi, saniya tana cin leda ta mutu, kuma ruwan da ke fita daga waɗannan duwatsu shi ne yake zuwa kogin Taraba ya faɗa Binuwai, mutane ne ke sha a ƙasa.

In kun sauko da sauran kwana ku tsaya Kakara ku ga gonar shayi. Mai shayin layi ma ya zo ya ga inda ganyen yake fitowa.

Mai Shayin Layi:

Baffa tuba nake 🙏 in dai mota tana zuwa har gonar shayin to da ni za a je, amma dutsen mutuwa a gaishe shi.

Maman Biyu:

Ƙanena ni ban kai kan Chappal Waddi ba, ba zan yi maka ƙarya ba, ɓangaren ƙasa na je ni da maigidana da wasu abokan aikinsa, wato ƙauyen Gashaka da kewayensa, kuma shi ya sa na ce bari in sa baki dan na ga duk hankalinku yana kan sama.

In namun daji kake son gani to a ƙasa suke ba a sama ba. Daga Serti ake shiga ƙauyen Gashaka, kurmi ne na gaske, bishiyoyi dogaye rana ba ta taɓa ƙasa sosai, mun ga gwaggon biri garke guda suna tsallaka hanya ko a jikinsu, mun ga birin nan baƙi da fari mai dogon gashi a bindi yana tsalle daga reshe zuwa reshe can sama, a kogin Kam kuma akwai wajen da dorina take zama, ruwan garau kana ganin kifi a ciki. Akwai cimfanzi a dajin, babban birin nan mai kama da mutum, irin wanda ba a samunsa sai a Najeriya da Kamaru, masu bincike sun daɗe suna bibiyarsu a wajen Kwano, amma mu ba mu gan su ba sai sheƙar da suke yi da ganye a kan bishiya su kwana renja ya nuna mana. Damisa da ɓauna ma akwai amma su suke gudunka. Tsuntsaye kam an ƙirga sama da iri 500, wani Bature da muka tarar tun asuba yake zaune da madubin hangen nesa ko shayi bai sha ba. Akwai kuma kangon ganuwar Jamusawa a kan tudu kusa da ƙauyen, dan wannan yanki duk a ƙarƙashin Kamarun Jamus yake a da, daga baya Ingila ta riƙe shi, sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya, ni kaina sai a can na san wannan tarihin, kunya ta kama ni.

An ce mana daga ƙauyen ma ana iya takawa da ƙafa har kan dutsen ta cikin kurmi, amma wannan tafiyar sati ce ko fiye da 'yan dako da kayan abinci, ba ta ɗan koyo ba ce.

Abin da ya wahalar da ni ƙwari ne. Ƙudan tsando yana cizo ta cikin riga kuma yana son baƙin kaya da shuɗi, ni kuma duk hijabaina da na tafi da su baƙaƙe ne, ka ga na zama abincinsu, ga wasu ƙanana a bakin ruwa da ba ka jin cizonsu sai dare ya yi ƙaiƙayi ya hana ka barci. Ka ɗauki kaya masu dogon hannu ruwan ƙasa, da man shafawa na korar sauro, da maganin zazzaɓi, da gishiri da sukarin nan na gudawa. Ruwan rafi komai kyansa a ido ku tafasa. Abinci kuma kar ku cika wa kanku kaya, garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, dabino, dambun nama ko kilishi, taliyar yara, shayi, sun isa. Sabis babu a yawancin wurare, kuɗi kuma ku riƙe a hannu ƙanana-ƙanana dan ba mai karɓar tiransifa a ruga.

Sai maganar Hajiya, wannan a matsayina na uwa nake faɗa. Ka gaya mata, kuma ka gaya mata gaskiya har da cewa za a yi kwana uku ko huɗu wayarka ba ta shiga, dan in ba ta sani ba ta kira ta ji a kashe, kafin ka sauko an yi saukar Alƙur'ani an kai cigiya gidan rediyo.

Matafiyi daga Gombe:

Baffa ya fi ni gaskiya a maganar wata, hotunan da na ɗauko a sama duk kamar an shafa musu toka. Abu ɗaya da na manta, ku ɗauki ɗan dako a ƙauye ko da kuna jin ƙarfi, ku yi ciniki da shi tun kafin a tashi har da abincinsa, haka mai mashin ku yi magana a kan ranar da zai dawo ɗaukarku kuma kar ku biya kuɗin dawowa gaba ɗaya tun farko. Namu ɗaya ya karɓa bai dawo ba sai da muka yi rabin yini a zaune. Kuma ka sari sanda, a gangara za ka san amfaninta.

Ɗan Kurna:

Allah ya saka wa kowa da alheri, Baffa na gode, Anti na gode, Yaya na gode. Na yi magana da oga yau da safe ya ce in na samu wanda zai karɓi Agusta ya bar min satin farko na Disamba to shi ba ruwansa, kuma akwai wani a ofis ɗinmu da bikin ƙaninsa ya faɗo a Agusta, gobe zan tare shi. Mai maganar silifas ya ce shi ya fasa, wai dama ƙafarsa tana masa ciwo, saura mu biyu. Hajiya na gaya mata da daddare, ta yi shiru ta ce wane dutse, na ce Chappal Waddi, ta ce me yake nufi, na ce mata sunan Fulatanci ne kawai.

Baffa tambaya ɗaya ta rage, tantin a Jalingo zan nema ko in taho da shi tun daga Kano?

Baffa na Gembu:

Taho da shi daga Kano, kuma ka kafa shi sau ɗaya a tsakar gida ka tabbatar turakunsa sun cika.